BABI NA UKU: TARIHIN JUYEN BAƘIN MAI A BIRNIN KANO, TSAKANIN GAREJIN KAMFANI DA ƘOFAR GIDA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin wani ɗan ƙaramin aiki wanda duk mai abin hawa ba ya rabuwa da shi, wato juyen baƙin mai, tare da duba yadda mutanen cikin birnin Kano suka riƙa yin sa tun daga zuwan mota har zuwa wannan zamani. Abin da ake nufi da juye shi ne a kwance notin da ke ƙasan inji, a tsiyaye tsohon mai, a canza filta, sannan a zuba sabon mai daidai geji. Aiki ne da ba ya cin fiye da rabin sa'a, amma sau da yawa shi ne ke raba injin da zai tsufa a hannun mai shi da wanda zai buga tun ba a gama biyan bashin motar ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, idan aka yi maganar wannan aiki, sau da yawa zaɓi biyu ake kwatantawa: ko dai mutum ya kai motarsa garejin kamfanin da ya sayar masa, ko kuma ya shiga ƙarƙashinta ya yi da hannunsa. A cikin birnin Kano al'amarin ya ɗauki wata siffa ta daban. Kaɗan ne daga masu mota suke kwanciya a ƙasa da sifana a hannu, haka kuma kaɗan ne suka ɗore da zuwa garejin kamfani. Abin da ya kafu shi ne mai mota ya sayo mansa da kansa, ya kai wa bakaniken da ya sani, ya tsaya a kansa har a gama. Za a nuna a nan cewa wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma abubuwa uku ne suka haife ta: inda Turawa suka ajiye kamfanoninsu, da hawa da saukar darajar kuɗin ƙasa, da kuma matsayin amana a cinikin Bakano.

3.1 Amfanin Baƙin Mai a Inji

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau a yi ɗan bayani a kan abin da man yake yi. A cikin inji akwai ƙarafa masu gudu a jikin juna, kamar fistan da ringi da karanshaf, waɗanda ke juyawa sau dubbai a cikin minti guda. Baƙin mai shi ne ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna, ya kwashe zafi, ya kuma wanke toka da ɓurɓushin ƙarfe ya kai su ga filta. Yayin da ya daɗe yana aiki, sai ƙarfinsa ya ragu, dauɗa ta cika shi. Yanayin Kano kuwa yana gaggauta wannan lalacewa, domin a watan Afrilu zafi kan haura ma'auni 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin komai, ga tafiyar cikin gari ta tsaya-tashi wadda ta fi doguwar tafiya wahalar da inji. Saboda haka motar da ke zirga-zirga tsakanin Kurmi da Fagge ta fi buƙatar juye a kan kari fiye da irinta da ke yawo a ƙasar da aka ƙera ta.

3.2 Kamfanoni a Bayan Ganuwa

Turawan Ingila sun ci Kano a shekarar 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Zuwan jirgin shi ne ya buɗe cinikin gyaɗa, cinikin gyaɗa kuma shi ne ya jawo kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya a kusa da tashar jirgi. Tsarin mulkin mallaka ya raba garin kashi-kashi. Cikin ganuwa na Sarki ne da talakawansa, ana hukunci da shari'ar alƙali. Turawa suna Nasarawa da Bompai, Kwarori suna tsakanin Fagge da tasha, baƙi daga kudu kuma aka yanka musu Sabon Gari a wajajen 1913. Ba a yarda kamfanin Bature ya kafa shago a cikin birni ba. Wannan tsari, wanda aka yi shi don dalilan siyasa, shi ne ya fara sanya tazara tsakanin mai mota na cikin birni da garejin kamfani, tun ma kafin motocin su yawaita.

Da mota ta fara samuwa, waɗannan kamfanoni na gyaɗa da fatu da atamfa su ne suka zama dillalanta. Kowane kamfani da irin motar da ya riƙe. SCOA na Faransawa shi ke kawo Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo. Leventis ke kawo Marsandi, Mandilas ke kawo Volkswagen, Niger Motors na rukunin UAC ke kawo Bedford, J. Allen ke kawo Ford, BEWAC ke kawo Land Rover, daga baya kuma R. T. Briscoe ya shahara da Toyota. Wanda ya sayi mota a wurin ɗayansu, can ake sa ran zai riƙa komawa don sabis, domin su ke da kayan gyara na asali da littafin ƙa'idar injin da ma'aikatan da aka horar.

Masu mota na farko a cikin birni su ne Sarki da manyan hakimai da ƴan attajirai ƙalilan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka kawo ruwan famfo da lantarki, aka fasa Sabuwar Ƙofa, aka kuma gyara hanyoyin da mota za ta iya bi zuwa fada da kasuwa. Hukumar En'e tana da sashen ayyuka mai kula da motocinta, kamar yadda gwamnati take da nata. Ke nan a wancan lokaci tambayar wa zai yi juye ba ta taso wa talaka ba, tunda ba shi da abin da za a juye wa. Babban mutum kuwa ba ya ma sanin ranar da aka yi, domin aikin direbansa ne.

3.3 Direba, Yaron Mota da Bakanike

Wanda ya fara yin juye da hannunsa a ƙasar Kano direban babbar mota ne. Daga shekarun 1930, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan motoci suka maye gurbin jakuna da raƙuma wajen kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin jirgi. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 da yawansu sun koyo tuƙi da gyaran inji a soja, sai suka shiga wannan sana'a. Attajiran birni ma suka zuba jari a cikinta, fitacce daga cikinsu shi ne Alhaji Sanusi Ɗantata, wanda ya tara motocin sufuri masu yawa. Motar da ta tashi daga Kano zuwa Nguru ko Damagaram ko Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Injamena, za ta yi kwanaki a hanyar da babu kwalta, balle garejin kamfani. Dole direba ya tafi da garwar mai da sifanu, dole kuma ya san injinsa kamar yadda makiyayi ya san garkensa. Kullum da asuba kafin a tayar da mota, yaron mota zai zaro geji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya nuna wa maigidansa, ya duba ruwan lagireto, ya ƙwanƙwasa tayoyi. Ta haka juye ya zama darasi na farko da ake koya wa mai son zama direba, tun kafin a bar shi ya taɓa sitiyari.

Kanikawan farko da suka buɗe wuraren kansu yawancinsu mutanen kudu ne, Yarabawa da Inyamurai da ƴan Gana, waɗanda suka yi aiki a garejin kamfani ko na gwamnati suka fita da sana'a a hannu. A Sabon Gari da Fagge suka zauna, can kuma cinikin kayan gyara ya kafu. Yaran cikin birni sun fara shiga wurinsu a matsayin masu koyo, ko da yake a farko iyaye da dama ba sa son haka, don ana ganin sana'ar ƙazanta ce, ga kuma zargin da ake yi wa ƴan tasha na rashin tarbiyya. Wannan ƙyama abin mamaki ce idan aka tuna cewa garin da kansa, bisa ga tarihin da aka gada, maƙera ne suka kafa shi, wato Abagayawa da suka zo gindin Dala neman tama. Sana'ar ƙarfe ba baƙuwa ba ce a Kano, injin ne kawai baƙo.

Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kawo babban sauyi. Inyamurai da yawa sun bar Kano, guraben da suka bari a gareji da shagunan kayan gyara sai yaran da suka koya a hannunsu suka cike. A daidai wannan lokaci aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo kuma ta shimfiɗa tituna da dama. Sai ƙananan gareji suka fara ɓullowa a gindin ganuwa da bakin ƙofofi, inda ake da fili, tunda lungunan cikin gari ba su da wurin da mota za ta juya. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta bunƙasa ta zama matattarar ƙarafa da kayan gyara, sababbi da tsofaffi.

Bakaniken cikin birni ya tsara sana'arsa ne a kan tsarin da ya tarar a wurin maƙeri da majemi da marini. Akwai maigida, akwai manyan yara, akwai ƙanana. Uba kan kawo ɗansa ya damƙa shi amana, yaro ya shekara yana wanke noti da miƙa sifana kafin a ba shi aikin juye, ya kuma yi wasu shekarun kafin a yaye shi. Mai mota da bakanike sukan kasance ƴan unguwa ɗaya, suna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure da jana'iza. Idan babu kuɗi a yau, za a yi aiki a biya gobe. Idan aka yi ɓarna, akwai dattijon da za a kai wa ƙara, kuma bakanike ya san cewa sunansa shi ne jarinsa. Garejin kamfani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A can akawu ne zai karɓi mukulli, ya cika takarda da Turanci, a shige da mota ciki inda ba a barin mai ita ya bi ta, a ce ya dawo gobe ko jibi, kuma ba a ciniki, ba a bashi. Ga mutumin da ya tashi a Kurmi, inda ba a sayen ko da turmin atamfa sai an warware an duba, biyan kuɗin aikin da ido bai gani ba abu ne mai nauyi.

3.4 Zamanin Fijo

In akwai lokacin da garejin kamfani ya yi tashe a wurin mutanen birni, to shekarun 1970 ne. Kuɗin man fetur ya shigo, an fara amfani da naira a 1973, kuma ƙarin albashin Udoji da aka tsara a 1974 ya sa kuɗi a hannun ma'aikata. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, haka ma na Volkswagen a Legas, daga baya kuma aka kafa kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano, a kan hanyar Zariya. Gwamnatin Murtala da Obasanjo ta mayar da Peugeot 504 motar manyan ma'aikata, ana kuma bai wa ma'aikaci rancen sayen mota a riƙa cira daga albashinsa. Malamin makaranta da akawun kotu da ma'aikacin asibiti daga Yakasai ko Gwale ko Mandawari ya wayi gari da sabuwar mota fil a ƙofar gida. A wajajen 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, saboda haka galan na mai da filta ba su da wani nauyi a aljihun ma'aikaci.

Sabuwar mota tana zuwa da littafin sabis da garanti. Sharaɗin garantin shi ne a riƙa kai ta wurin dillali a kan lokaci ana buga hatimi a littafin, in ba haka ba duk abin da ya lalace mai ita ne zai biya. Wannan sharaɗi shi ya riƙa fitar da mutanen birni ta Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata zuwa garejin kamfani. Gaskiya ne kuma sabis na kamfani ya fi juye kawai, domin ana duba birki da fulogi da man giya, ana sa girisi, ana rubuta komai, kuma littafin da ya cika da hatimi yana ƙara wa mota daraja ranar sayarwa.

Sai dai ko a wannan zamani na wadata, da zarar garanti ya ƙare mafi yawan mutane sukan koma wurin bakaniken unguwa. Motocin da kansu sun taimaka wajen haka. Injin 404 da na 504 a buɗe suke, hannu yana kaiwa ko'ina, kuma kusan lita 4 na mai suke sha, wato galan guda. Volkswagen mai inji a baya ma ba ta da filta irin ta sauran motoci, ƴar raga ce ake cirowa a wanke a mayar. Man da ake zuba musu mai kauri ne, irin mai lamba 40 ko 20W-50, ana kuma samun sa a kowane gidan mai na Mobil ko Total ko Agip ko Texaco ko National ko AP ko Unipetrol. Gidajen man nan su ma suna da ramin juye, sai suka zama wani mataki tsakanin kamfani da bakanike: mutum ya sayi mai a rufe, a zuba a gabansa. A nan ne ƴan ƙalilan masu sha'awa, galibi malaman makarantun sana'a da tsofaffin sojoji, suka riƙa yin juye da kansu ranar hutu, a shimfiɗa buhu a ƙasa, yaran unguwa su kewaye suna kallo. Amma al'ada ba ta ba wannan ƙarfi ba. Magidanci mai rawani ko babbar riga ba ya kwanciya a ƙarƙashin mota a bainar jama'a alhali ga yara, kuma hana mai sana'a ɗan abin da zai samu ana ɗaukar sa rowa ne.

3.5 Tsuke Bakin Aljihu da Zuwan Ƴan Kwatano

Farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Kayan gyara suka yi wuya hatta a kamfanonin da kansu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba na shekarar, dala ɗaya ta koma wajen naira 4, zuwa 1993 kuma farashin gwamnati ya kai naira 22. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kamfanonin haɗa motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin dillalai da yawa suka rage rassansu ko suka rufe sashen motoci.

Abin da ya cike gurbin shi ne tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, a biyo da su ta Nijar, ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya ko Maigatari. Su ake kira ƴan Kwatano ko Beljiyam. Irin wannan mota ba ta da garanti, ba ta da dillali a Kano, littafinta in ma yana ciki da Jamusanci ko Faransanci yake, agogon kilomitarta kuma sau da yawa ko ya mutu ko an mayar da shi baya. Babu sauran dalilin zuwa kamfani. Tun da ba a iya dogara da agogo, sai lissafin juye ya tashi daga kilomita ya koma kwanaki: mai motar gida ya yi duk wata biyu ko uku, ɗan tasi da mai hayis su yi duk mako biyu ko ƙasa da haka, wani kuma sai ya ga man ya yi baƙi ƙirin. Hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga farkon 2017, da rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun canza hanyar da motocin ke biyowa, amma ba su mayar da jama'a ga sababbin motoci ba.

A wannan zamani ne kuma matsalar jabun mai ta yi ƙamari. An gina sashen yin man inji a matatar Kaduna, wanda ya fara aiki a 1983 da ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga waje, amma da matatar ta riƙa tsayawa sai ƙasar ta koma dogaro da tushen man da ake sayowa da dala. Kamfanonin cikin gida masu haɗa mai sun taso, irin su Lubcon a Ilori da Ammasco a nan Kano, suka kawo mai mai sauƙin kuɗi. Amma a gefe guda kuma sai ga masu sayar da mai a buɗe, daga duro zuwa kwalba, a bakin titi. Wani tushen mai ne tsurarsa wanda ba a haɗa masa sinadaran da ke kare inji ba, wani kuma tsohon mai ne aka tace aka gyara masa launi. Mafi muni shi ne wanda ake ɗurawa a cikin galan na sanannen kamfani a liƙe bakinsa kamar sabo, abin da ya sa galan da babu komai a ciki ya zama haja mai kasuwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1971, takan kai samame ta kama, amma yawan masu sayarwa ya fi ƙarfin ma'aikatanta.

Daga nan ne ɗabi'ar da aka ambata a gabatarwa ta zauna da gindinta. Mai mota ya daina ba da kuɗi a sayo masa. Shi da kansa zai je gidan mai ko shagon wanda ya yarda da shi, ya duba liƙin marfi, ya sayi filta, ya kawo wa bakanike, ya nemi benci ya zauna. A gabansa za a kwance noti, a gabansa za a fasa galan, ya ga an zuba duka, ya duba geji da idonsa. Wasu ma sukan huda galan ɗin ko su tafi da shi gida don kada ya koma kasuwa. Bakanike ba ya jin haushin wannan, domin ya fid da shi daga zargi: in inji ya buga, ba shi ya sayo man ba. Idan Bakano ya ce shi yake yi wa motarsa juye, yawanci wannan yake nufi.

Sai dai ido yana da iyaka. Gwajin da aka saba yi shi ne a ɗiga man a tsakanin yatsa biyu a ja, in ya yi yauƙi da kauri a ce mai kyau ne. Masu haɗa jabu sun san da haka, kuma ƙara wa mai kauri ba shi da wuya. Abin da ke sa mai ya yi aiki, wato sinadaran da ke cikinsa, yatsa ba ya jin su.

3.6 Babur da Adaidaita Sahu

Rashin aikin yi da tsadar mota sun haifar da acaɓa daga ƙarshen shekarun 1980, baburan Sin masu araha kuma suka cika gari a farkon shekarun 2000. Babur ne abin hawan da ya dace da lungunan birni, a kansa ne kuma juye da hannu ya zama gama-gari, domin noti ɗaya ne, mai kuma bai wuce lita guda ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku a 2005 a ƙarƙashin shirin Adaidaita Sahu, wanda sunansa ya bi abin hawan. Da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai adaidaita sahu ta gaje sufurin gari baki ɗaya.

A nan maganar juye ta zama maganar abinci. Yawancin matuƙa ba su suka mallaki abin hawan ba. Wani yana kai balas kullum, wani kuma an ba shi ne ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Injin ƙarami ne, yana wuni yana aiki cikin rana, don haka yana son juye kusan kowane mako. Matuƙin da ke kai balas, idan kasuwa ta yi sanyi, wurin da ya fi sauƙin ragewa shi ne mai: ya ƙara kwana uku a kan lokaci, ko ya sayi na kwalba. Ribar tasa ce a yau, asarar kuma ta mai abin hawa ce bayan wata shida. Shi ya sa masu ba da haya da yawa sukan sa sharaɗin juye a cikin yarjejeniya, wasu su sayi man da kansu, wasu su ware bakanike ɗaya da za a riƙa zuwa wurinsa a rana sananniya. In aka lura, wannan shi ne tsarin littafin sabis na kamfani ya dawo a cikin rigar gida. Mai jarin kuwa sau da yawa ba attajiri ba ne, takan kasance matar aure ce da ta sayar da sarƙarta, ko ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa.

3.7 Injinan Zamani da Makomar Tsohon Mai

Motocin da ke shigowa daga shekarun 2000 zuwa yau, irin su Toyota da Honda da ake kawowa daga Amurka, sun zo da wata sabuwar matsala. Injinansu an ƙera su ne da ƙananan hanyoyin mai, wasu sassan ma matsin man ne ke sarrafa su, don haka suna buƙatar mai marar kauri, irin 5W-30 ko 0W-20, kuma lambar tana rubuce a kan marfin da ake zuba man. Bakaniken da ya koyi aiki a kan 504 ya gaji ra'ayin cewa zafin Kano sai mai mai kauri, mai motar ma haka ya ji daga mahaifinsa. Sai su haɗu su zuba wa sabon inji man tsohon inji, da kyakkyawar niyya, a gaban idon mai shi. Tsayawa a kan bakanike yana maganin ha'inci, amma ba ya maganin abin da su biyun ba su sani ba. Wannan ya buɗe kasuwa ga wasu sababbin wuraren sabis masu na'urar gwajin inji ta kwamfuta, waɗanda yawancinsu a bayan ganuwa suke, a titunan Zariya da Zoo da cikin Nasarawa, kusan inda kamfanonin farko suka zauna. Cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya, wanda ya kai dala ɗaya sama da naira 1,500 a 2024, sun ninka kuɗin galan, suka ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi ga man kwalba da jinkirta juye.

Akwai kuma tambayar inda tsohon man yake zuwa. A al'ada bakanike ne ke riƙe shi, yana cikin ladan aikinsa, kuma yana da masu saye. Kafintoci da magina suna shafa shi a katakon rufi da azara don gara, masu buga bulo suna shafa shi a jikin abin bugu, wasu suna zuba shi a masai da kwata don sauro, wasu makiyaya ma suna shafa wa dabba mai ƙurji, duk da cewa yana ɗauke da gubar ƙarfe mai cutar da fata. Wani kason yana komawa wurin masu tacewa, ya sake dawowa bakin titi a cikin kwalba. Ragowar kuma ƙasa ce ke shanye ta. Duk wanda ya bi gindin ganuwa ta wajen Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Mazugal zai ga inda ƙasa ta yi baƙi ta daskare, ciyawa ba ta fitowa. Da damina ruwa kan wanke wannan ya bi kwatoci da shi zuwa kududdufai da rafin Jakara, wanda da ruwansa ake noman rani na latas da alayyafo a bayan gari, a kuma dawo da su kasuwannin birni.